Gidan Namun Daji na Landan da Allunan da Ke Yi wa Yara Jagora

Zuwa ga Edita.

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wani wuri da na gani a birnin Landan, in kuma jawo hankalin malaman makaranta da ma'aikatan hukuma ga wani al'amari da ake rainawa, alhali kuwa lafiyar yaro tana iya rataya a kansa. Wurin shi ne gidan namun daji, wanda mutanenmu suka fi sani da gidan zu. Al'amarin kuwa shi ne allunan da ake kakkafawa a irin waɗannan gidaje don nuna hanya da faɗin sunayen dabbobi. Ni akawu ne, sana'ata rubuta takardu da adana su, saboda haka duk inda na ga rubutu a jikin allo nakan tsaya in duba ko wanda aka yi dominsa zai gane shi.

Cikin 2023 aka aike mu Ingila ƙaro ilmin aikin ofis, sai na sami wata Asabar na tafi ganin wannan gida. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na shiga zuwa tashar Camden Town, daga nan tafiyar kamar minti 15 ce a ƙafa. Gidan yana gefen arewa na wani babban lambun shan iska da ake kira Regent's Park, girmansa eka 36. Wata ƙungiya ta masana dabbobi ce ta kafa shi. An kafa ƙungiyar a 1826, shugabanta na fari shi ne Sir Stamford Raffles, wanda ya rasu cikin shekarar nan bai ga an buɗe gidan ba. An buɗe shi ran 27 ga Afrilu 1828, amma a lokacin 'yan ƙungiya da baƙinsu kaɗai ke shiga, don nazari aka yi shi. Sai a 1847 aka bar kowa ya biya ya shiga, saboda ana bukatar kuɗin ciyar da dabbobi.

Namun dajinmu na Afirka suna da dogon tarihi a wurin. A 1836 aka kawo raƙuman dawa 4 daga Kordofan ta ƙasar Sudan, aka sauke su daga jirgin ruwa, aka koro su a ƙafa da sassafe ta cikin gari har zuwa lambun. Ɗakin da aka gina musu a 1837, mai ƙofofi masu tsawon mita 5, har yanzu raƙuman dawa ne a cikinsa, na kuwa gan su da idona. A 1850 aka kawo wata dorina daga kogin Nilu, mutanen Landan suka yi ta tururuwa don kallonta. Shahararren toron giwar nan Jumbo ya zauna a nan daga 1865 zuwa 1882, sa'an nan aka sayar da shi ga wani mai wasan kallo na Amurka. Amma wanda ya je yau ba zai ga giwa ba, gama tun 2001 aka mai da su wani gidan na ƙungiyar mai suna Whipsnade, a bayan gari, inda akwai fili mai yalwa. A 1938 kuma aka keɓe wani sashe musamman don yara, inda suke kusantar dabbobi marasa cutarwa.

To, Malam Edita, abin da ya sa na ce wannan gida ya isa a yi misali da shi wajen nuna hanya shi ne yadda filinsa yake. Ba a haɗe yake ba. Wani titin mota ya ratsa shi, wata doguwar hanyar ruwa ta jiragen fito ita ma ta ratsa shi, suka raba shi uku. Wanda ya shigo ta babbar ƙofa yana son ganin raƙuman dawa, tilas ya bi ta wata hanya da aka haƙa a ƙarƙashin titi. Irin waɗannan hanyoyi biyu ne, tsohuwar cikinsu ma an fake a ciki daga bama-bamai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Wanda kuma ke son ganin biran da ke ƙetaren ruwa, sai ya hau gada. Ka ga ke nan ko babba yana iya ruɗewa, balle yaro ɗan shekara 5 wanda ba ya ganin kome sai gwiwoyin mutane. Duk da haka na wuni ina kallon yara suna jan iyayensu da hannu, su ne ke cewa ga hanya.

Na tsaya na yi nazarin dalilin wannan. Yaron da bai iya karatu ba yana gane kamannin dabba tun daga nesa. Idan aka zana inuwar raƙumin dawa da dogon wuyansa, aka sa kibiya a gefe, to an gama yi masa bayani. Wannan dabara ta bi ƙasar duka, har a kan manyan hanyoyin mota na Ingila hoton giwa a jikin allo mai launin ƙasa-ƙasa shi ne ke nuna akwai gidan zu a gaba. Bayan hoto sai abin da ido ba ya mantawa. Kusa da babbar ƙofa akwai mutum-mutumin tagulla na wani gwaggon biri mai suna Guy, wanda ya zauna a gidan daga 1947 har ya mutu a 1978. Yara suna hawa kansa ana ɗaukarsu hoto. Na ji wata malama da ta kawo ɗalibanta, dukansu sanye da 'yan riguna masu ƙyalli iri ɗaya, tana ce musu duk wanda ya rabu da 'yan'uwansa ya koma wurin birin nan ya tsaya, ko ya nemi ma'aikaci mai rigar aiki. Ta sa suka maimaita sau biyu kafin su wuce. Wannan malama ta san aikinta, gama yaro ba ya riƙe gabas da yamma, amma zai riƙe birin da ya hau.

Har wa yau, sassan gidan kansu ba su yi kama da juna ba. Sashen zakoki, wanda aka buɗe a 2016, an gina shi da siffar wani ƙauye na jihar Gujarat ta Indiya, har da tashar jirgin ƙasa da rumfunan kasuwa, domin zakokin da ke ciki irin na Asiya ne, waɗanda ba su saura a daji ko'ina ba sai a wannan yanki na kurmin Gir. Yaro yana shiga ya san ya zo wani wuri dabam. A wurin tsuntsayen nan masu iyo da ake kira fengwin, wanda aka buɗe a 2011, an yi bangon tafkinsu da gilashi, ƙaramin yaro yana tsaye da ƙafafunsa yake ganin ninƙayarsu a ƙarƙashin ruwa, ba sai an ɗaga shi ba. A 2020 kuma, da aka sake buɗe gidan bayan kullen annobar korona, an tsara hanyoyi 3, kowacce da launinta, mutum ya bi launi ɗaya har ya kewayo. Da launi aka bi da dubban mutane ba tare da sun cakuɗe ba.

Allon da ke gaban kowace dabba shi ma yana da tsari. Akwai sunan da kowa ya sani da manyan baƙaƙe, ƙarƙashinsa sunan da masana suka yarda da shi a duniya duka, bisa ƙa'idar da Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, ya shimfiɗa wa dabbobi a 1758, watau kalma biyu ta Latin, kamar yadda zaki yake Panthera leo. Sa'an nan a faɗi ƙasar da dabbar take, da abincinta, da matsayinta a cikin Jan Kundi, watau lissafin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, wanda aka fara tun 1964. Maganar gajeriya ce, uba yana iya karanta wa ɗansa ita kafin yaron ya ƙosa.

Da na koma masauki na bincika asalin wannan sana'a, sai na tarar tana da gwanayenta. Ɗaya daga cikinsu wani Ba'amurke ne mai zane, Lance Wyman. Sa'ad da aka buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Meziko a 1969, mutane da yawa a can ba su iya karatu ba, sai ya ba kowace tasha hoto nata. Tashar Chapultepec hoton fara ne, gama ma'anar sunan a harshen mutanen ƙasar dutsen fara ne, wata tashar kuwa hoton agwagwa. Mutum ya ce zan sauka a fara, shi ke nan. Cikin shekarun 1970 shi da abokin aikinsa Bill Cannan suka tsara alamun gidan zu na Washinton, babban birnin Amurka, wanda aka kafa a 1889, mai faɗin eka 163 a kan gangare. Suka zana wa dabbobi hotuna masu sauƙin ganewa, suka jera su a jikin dogayen ginshiƙai, kāna suka buga sawun dabbobi a ƙasa, yaro ya bi sawu har ya kai ga mai sawun. An sauya alamun wannan gida daga baya, amma dabarar ta bazu a duniya.

Jama'a, da na karanta wannan sai na yi murmushi, don kuwa bin sawu ba baƙon abu ba ne gare mu. Mafarauci yana bambance sawun gada da na barewa, ɗan makiyayi yana bin sawun saniyarsa da ta ɓace har ya same ta. Ranar zaɓe ma da hoton alamar jam'iyya tsoho da tsohuwa ke gane inda za su dangwala. Ashe abin da gwanayen Turai da Amurka suka yi suna da shi, muna da tushensa a gida, sai dai ba mu kai shi inda yaranmu ke taruwa ba.

Dalilin da ya sa abin ya tsaya mini a rai ke nan. Wata Sallah na kai 'ya'yan yayata wani gidan namun daji a wani gari na ƙasarmu, ba sai na ambaci sunansa ba, tun da yake ba tozarta kowa nake nufi ba. Jama'a ta cika maƙil. Allon ƙofa da Turanci yake, rana ta cinye rabin fentinsa. A mararraba babu ko kibiya ɗaya. Wani keji an rubuta sunan dabba a jikinsa, amma wata dabba dabam ce a ciki, wani kuma babu kome sai ciyawa. Wajen la'asar muka tarar da wata mata tana kuka tana kiran sunan ɗanta, ɗan shekara 4. Masu gadi suka tambaye ta a ina ta rabu da shi, ta kasa faɗa, gama ko'ina kama ɗaya ne, babu wani wuri mai suna. Aka bazu ana nema har kusan magariba, kāna aka same shi a bayan wani shinge, kusa da ramin kada, ya gaji da kuka ya yi barci. Allah ya kiyaye. Amma da an ce wa yaron nan tun a ƙofa in ka ɓata ka nemi babban hoton jimina ka tsaya, da kuma akwai hoton, da uwarsa ba ta sha wannan tashin hankali ba.

Saboda haka ga abin da na tsinta, ina miƙa shi ga masu riƙon irin waɗannan gidaje.

Na fari, a tuna da tsawon mai kallo. Yaro ɗan shekara 4 tsawonsa kamar mita ɗaya ne, idonsa kuwa ƙasa da haka. Allon da aka kafa daidai fuskar babban mutum, gare shi tamkar babu. A yi allo biyu a ginshiƙi ɗaya, na sama don manya su hango ta kan taro, na ƙasa mai hoto don yara.

Na biyu, a sa alama a inda hanya ta rabu, gama nan ne mutum ke tsayawa yana shawara. Bayan ya ɗauki hanya kuma ya sake ganin hoton nan a gaba kaɗan, don ransa ya natsu cewa bai kauce ba. Sawun da aka buga a ƙasa da fenti yana yin wannan aiki, kuɗinsa kuwa bai wuce na gwangwanin fenti da kwalin da aka yanke siffar sawu ba. Sai dai a sa wanda ya san daji ya zana, kada a yi wa zaki sawun kare, yara su tafi da kuskure.

Na uku, kada a dogara ga launi shi kaɗai. Akwai mutane, galibinsu maza, da aka haifa ba su bambance ja da kore sosai. A haɗa kowane launi da dabba, a ce jar hanya ta zaki, shuɗiyar hanya ta dorina. Rubutu kuma ya zama baƙi a kan fari ko fari a kan mai duhu, da fentin da ke jure rana da ƙurar hunturu, a riƙa sabunta shi kafin kowace Sallah.

Na huɗu, taswirar ƙofa ta nuna wa mutum inda yake tsaye da babban ɗigo, a kuma kafa ta yadda abin da ke gabansa shi ne a saman allo, abin da ke damansa shi ne a dama. Taswirar da aka juya ta fi rashin taswira ɓad da mutum. A nuna makewayi da wurin ruwan sha da wurin salla da ɗakin magani, kowanne da hotonsa.

Na biyar, allon gargaɗi ya fita dabam da sauran, siffarsa ɗaya ko'ina a gidan. Hoton hannu a cikin keji da jan layi a kansa ya fi doguwar doka amfani. Amma fa allo ba ya maye gurbin shinge, kuma ba ya maye gurbin idon uba.

Na shida, allo ya faɗi gaskiya. In dabba ta mutu ko an ɗauke ta, a cire sunanta ran nan. Yaron da kibiya ta kai shi ga keji wofi ba zai ƙara yarda da kibiya ba.

Saura maganar harshe, wadda ta fi damuna. Muna da gidajen nan a ƙasashenmu. Na Kano an kafa shi a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Bako, sunansa kuma yake ɗauke da shi. A Jos an kafa gandun namun daji a 1972. A Yamai gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1959, mai sunan Boubou Hama, yana da sashen dabbobi. Yawancin yaran da ke zuwa waɗannan wurare da Hausa suke magana, da yawansu kuma sun fara sanin baƙaƙen allo kafin na boko. Me zai hana a rubuta suna da Hausa a sama, da boko da ajami, kamar yadda ajami yake a jikin manyan takardun naira, kāna Turanci ko Faransanci ya biyo? Ku tambayi yaran birni yau mene ne gwanki, ko kanki, ko mariri, ko gauraka, ku ji amsar da za su ba ku. Mu da muka yi makarantar Mishan an koya mana sunayen dabbobin Turai daga littafi, amma sunayen namu a bakin kakanni muka ji su, kakannin nan kuwa suna ƙarewa. Namun ma suna ƙarewa. Raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma, waɗanda dā suke yawo daga Senegal har Tafkin Chadi, sun ragu har suka koma kamar 50 cikin shekarun 1990, a yankin Kure kusa da Yamai. Da aka tashi tsaye aka tsare su, suka haura 600. Wannan labari ya isa a rubuta shi a layi biyu a gaban kowane raƙumin dawa, yaro ya san abin da ake tsarewa yana dawowa. Wanda bai san sunan abu ba, ba zai ji zafin ɓacewarsa ba.

Na san wani zai ce Landan masu kuɗi ne, mu kuwa ciyar da dabbobin ma da ƙyar ake yi. Gaskiya ne, ba kuwa na ce a gina ƙauyen Indiya ko bangon gilashi ba. Amma muna da masu zanen allo a kowace kasuwa, waɗanda ke zana zaki da dawisu a bayan manyan motoci har mutum ya tsaya kallo. Muna da kafintoci da maƙera. Muna da tsofaffin mafarauta da suka san kowane sawu da kowane suna. Abin da ya rage a tara su wuri ɗaya. In an zana hoto, kafin a kafa shi a kai shi makarantar firamare a nuna wa 'yan aji ɗaya ba tare da an ce musu kome ba. In suka ce jimina ce, a kafa. In suka ce kaza ce, a koma a sake.

Ina roƙon malaman makaranta, duk wanda zai kai ɗalibai irin wannan wuri ya riga su zuwa ya ga hanyoyin, ya zaɓi mahaɗa mai sauƙin ganewa, ya ƙidaya yaransa a ƙofa da kowace mararraba. Iyaye kuma su koya wa ƙananan yara sunan mahaifinsu da unguwarsu, su sa musu takarda mai lambar waya a aljihu ranar taro. 'Yan'uwana akawuna da ke rubuta lissafin kuɗin shekara a ma'aikatun da ke kula da waɗannan gidaje, ku sa layin alluna da fenti a cikin tsari, kada ya zama abin da ake tunawa in kuɗi ya ragu. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma ɗan shekara 4 a tsakiyar taro bai san wanda zai tambaya ba, mu ne za mu ajiye masa amsa a inda idonsa zai kai.

In akwai wani mai karatu da ya ga wata dabara da ta fi waɗannan a wani gari, ina roƙonsa ya rubuto wa Edita don mu ƙaru duka. Allah ya raya mana zuriya, ya ba shugabanninmu ikon duba wannan magana, amin.

Wassalam. Ni ne naka,
Wani Akawu.